Abubakar As-Suli, Gwanin Shaɗaranji na Bagadaza

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu dara a gindin itace, a Dakwaro ko a Maraɗi, ya san wasan yakan yanke tun wajen zuba ƴaƴa. Shekaru fiye da dubu da suka wuce, wani malami a Bagadaza ya rubuta littafi a kan wannan magana, amma game da shaɗaranji, wasan da Faransawa ke kira eshek. Sunansa Abubakar Muhammadu ɗan Yahaya As-Suli.

Asalinsa Baturke ne, jikan sarakunan Jurjan. An haife shi a ƙarshen ƙarni na 9, ya yi karatu a Bagadaza, ya ƙware a nahawu da waƙa da tarihi. Amma shaɗaranji ne ya buɗe masa ƙofar fada. A zamanin Halifa Al-Muktafi, wanda ya yi mulki daga 902 zuwa 908, gwanin fada shi ne wani da ake kira Al-Mawardi. Kada malamai su ɗauka mai littafin Ahkamus Sulɗaniyya ne, wancan ya zo daga baya. Aka haɗa su wasa a gaban halifa. Masanin tarihi Al-Mas'udi ya ruwaito cewa halifa ya fito fili yana goyon bayan mutuminsa, har As-Suli ya rikice da fari. Da hankalinsa ya kwanta, sai ya ci Al-Mawardi cin da ba gardama. Daga ranar halifa ya juya masa baya, ya jawo As-Suli a jiki.

Shaɗaranjin wancan lokaci ba shi da saurin na yau. Gidaje 64 ne, kowane gefe da ƴaƴa 16, amma waziri gida ɗaya tak yake takawa a karkace, giwa ta tsallake gida ɗaya, dakare kuwa ba ya taka biyu ko a farko. Saboda haka kowa yakan ɗauki taki goma sha wani abu yana jera rundunarsa kafin a haɗu. Wannan jeri shi ake kira ta'abiya, watau shirin yaƙi, kuma kowane da sunansa, kamar Mujannah, mai fukafukai, da Sayyal, mai kwarara kamar ruwan kwari.

Kafin As-Suli, gwani Al-Adli ya tattara irin waɗannan shirye-shirye. As-Suli bai karɓe su don girman mai su ba. Ya bi su yana aunawa, ya nuna masu rauni, ya fifita Mujannah da Sayyal. Har ƴaƴan wasan ya yi wa kuɗi: rukh, wanda ke tafiya miƙe, dirhami ɗaya, doki kashi biyu cikin uku, giwa rubu'i. Dakaren tsakiya rubu'i ne, na gefe rabin haka. A ganinmu nan ne gwanintarsa take, domin ya gane darajar ɗa tana ga gurbin da yake tsaye, abin da kowane tsohon ɗan dara zai yarda da shi. Almajirinsa Al-Lajlaj ya ɗora a kai, ya bi sawun Mujannah taki bayan taki.

Ya zauna a fadar Al-Muƙtadir, ya karantar da ɗansa Ar-Radi, ya rubuta tarihin Abbasawa mai suna Kitabul Auraƙ. Da Ar-Radi ya rasu a 940, fada ta daina yi da shi. Ya koma Basra, ya rasu can cikin talauci a 946.

Ya bar wata matsala ta ƙarshen wasa, sarki da waziri a kowane gefe, yana mai cewa ba wanda ya warware ta sai shi. Haka ta zauna sai a shekarun 1980, lokacin da gwanin Rasha Yuri Aberbak ya gano hanyarta, ya tabbatar da cewa As-Suli ya yi gaskiya.