Martinus Bayarink, Mai Binciken Saiwar Wake

An haifi Martinus Bayarink a birnin Amstadam na ƙasar Holan a cikin shekara ta 1851. Mutanen ƙasarsu suna rubuta sunansa Beijerinck. Ubansa mai cinikin taba ne, amma jarinsa ya karye, saboda haka yaron ya tashi cikin talauci. Duk da haka ya dage ga karatu, har ya zama masanin tsire-tsire.

Tun zamanin da manoma sun lura gonar da aka shuka wake takan ƙara ƙarfi, amma ba su san dalili ba. In kun tuge wake ko gyaɗa, za ku ga waɗansu ƙananan ƙulalai a jikin saiwarsu. A cikin 1886 waɗansu masana biyu na Jamus suka nuna waken da ke da ƙulalan nan yana samun wani abinci daga iska, wanda ake kira naitirojin. Sauran a san abin da ke ciki.

Bayarink ya yi ta tsaga ƙulalan yana dubawa, har a cikin 1888 ya ware waɗansu ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubi mai girmama abu. Ya kiwata su a ɗakin bincikensa a garin Delft.

Ga yadda masana na bayansa suka gane shigarsu cikin wake. Saiwa takan fitar da wani ruwa mai kiran ƙwayoyin daga cikin ƙasa. In suka manne ga siririn gashin saiwa, sai ya lanƙwashe ya rufe su. Daga nan su bi wata 'yar kafa kamar zare zuwa ciki, wurin ya kumbura ya zama ƙululu. Nan suke zama, suna mai da naitirojin na iska abincin shuka, ita kuwa tana ciyar da su da sukari. Ƙululun da ke aiki, in an tsaga shi, cikinsa jaja-jaja ne.

Bayarink ya zama babban malami a Delft a cikin 1895, ya mutu a cikin 1931. Saboda aikinsa muka fahimci hikimar kakanninmu ta shuka wake a tsakanin gero. Ran da aka tuge wake a gonar makaranta, ku tsaga ƙululu guda ku duba.