Alhaji Alhasan Ɗantata, Fatken Bebeji

Duk wanda ya taɓa harkar goro ko gujiya tsakanin Maraɗi, Damagaram da Kano ya ji sunan Ɗantata. Mutane sun fi tuna yawan dukiyarsa, amma abin da ya kamata mai karatu ya duba shi ne yadda ya riƙe sana'a guda shekaru fiye da hamsin, bai sake ta ba, kuma bai yarda ta lalace a hannunsa ba.

An haifi Alhasan a garin Bebeji, ƙasar Kano, wajen shekara ta 1877. Iyayensa Agalawa ne, fatake masu bin hanyar Gwanja. Yana ƙarami mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Wata tsohuwa mai suna Tata ita ta rene shi, daga nan ne sunan Ɗantata ya bi shi har kabari. Ya yi karatun allo, yana ƴan saye-saye da sayarwa don ya ci da kansa. Da ya tasa ya bi ayari har Ankara wajen uwarsa, amma bai tarar da gadon kwanciya ba. Ya ci gaba da karatu da neman na kansa.

Fataucin goro na wancan zamani aikin wahala ne. Ayari yakan yi watanni a hanya da jakuna, ga ƴan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi, ga goro da ba ya son zafi, sai ana buɗe shi ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Alhasan ya yi wannan tafiya, ya san asararta. Saboda haka da jiragen ruwa suka soma zirga-zirga tsakanin gaɓar Gana da Ikko, yana cikin fataken farko da suka ɗora goronsu a jirgi. Tsofaffin madugai suna ganin hanyar kakanni ita ce hanya. Shi kuwa kayan yake duba: wace hanya za ta kai goro kasuwa da ɗanyensa?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun daga 1912 cinikin gujiya, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, ya buɗe. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san manomi ba, ba su san ƙauye ba. Alhasan ya zauna a Kano, unguwar Sarari. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa gujiya, daga baya ya ci gaba da UAC, wanda aka kafa a 1929.

A nan ne halinsa ya fito fili. Yakan ba yaransa jari tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su yi alkawari da manoma. Yawancin wannan ciniki da baki ake ƙulla shi, amana ita ce takarda. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, har wasu suka zama attajirai masu zaman kansu. Shi da kansa yake bin lissafi, kuma an san shi da tsimi: abincinsa da suturarsa ba su nuna girman abin da ya mallaka ba. Attajirai nawa muka gani riba ta shekara guda ta ruɗe su, suka cinye uwar kuɗi wajen biki da dawaki? A 1929, da aka buɗe bankin Bank of British West Africa a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Lokacin nan mutane da yawa a tukunya suke binne kuɗinsu. Ba da jimawa ba farashin gujiya ya faɗi warwas a duniya, ƴan kasuwa da dama suka karye, shi yana tsaye.

Kada a ɗauka cinikin nan ba shi da aibi. Kamfani ne ke yanke farashi, kuma manomin da ya ci bashi tun damina ba shi da bakin ciniki ranar awo. Manoman ƙasar Maraɗi da Damagaram sun san wannan, don gujiyarsu ma shekaru da yawa ta Kano take bi zuwa bakin teku. Dalar gujiya da aka riƙa jerawa a Kano, buhu kan buhu, wadda ake danganta farkonta da Ɗantata, gumin talakawa ce.

Ya sauke farali a farkon shekarun 1920, ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Da tsufa ya zo, ya tara ƴaƴansa ya gargaɗe su da su riƙe kamfanin wuri guda, kada su watsa shi. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a Sarari. Ƴaƴansa Ahmadu da Sanusi da Aminu suka ɗauki aikin. Aminu ya rasu a 2025, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.