Marigayi Lotfi Zadeh: Malamin Da Ya Sa Kwamfuta Ta Fahimci "Kaɗan" Da "Da Yawa"

Ni haifaffen Mafoni ne, kuma da Kanuri na buɗe baki. Da na fara koyon Hausa, kalmomi irin su "kaɗan", "da dama" da "akasari" sun ba ni wahala. Mutum nawa ne "da dama"? Ashe wani masani ya ƙare rayuwarsa a kan irin wannan tambaya.

An haifi Lotfi Zadeh a birnin Baku na Azarbaijan a shekarar 1921. Yana ɗan shekara 10 iyayensa suka koma Tehran, inda ya sami digiri a fannin injiniyan lantarki a 1942. Daga nan ya wuce Amurka, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Columbia a 1949, sannan ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1959.

A 1965 ya fito da ra'ayin da ya sa ya yi suna. Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 ko 1, wato ƙarya ko gaskiya. Shi kuwa ya nuna cewa gaskiya hawa-hawa ce. Misali, zafin Maiduguri na watan Afrilu zai iya cin maki 1, na damina kuwa 0.6. Da farko masana da yawa sun yi masa ba'a, amma a 1987 Japanawa suka yi amfani da dabararsa wajen sarrafa jirgin ƙasa na birnin Sendai.

A kan wannan tushe ne Ronald Yager ya nuna a 1982 yadda za a taƙaita rumbun bayanai cikin jimla guda. Maimakon a zube wa shugaban makaranta lambobi dubu, sai kwamfuta ta ce akasarin ɗaliban da suka ci jarabawa masu yawan zuwa aji ne, ta kuma auna ƙarfin gaskiyar jimlar.

Zadeh ya rasu a 2017, aka binne shi a Baku.

'Yan'uwana ɗalibai, kwamfuta ba za ta yi irin wannan taƙaitawa da Hausa ba sai an tantance mata bambancin "da dama" da "da yawa". Wannan aikinmu ne, mu ɗaliban harshe. Idan muka yi sakaci, wasu za su yi mana shi yadda suka ga dama. Allah ya ba mu iko.