Fada Julius Nieuwland, Firist Masanin Haɗa Sinadarai

A wannan fitowa muna tunawa da wani firist wanda ya bauta wa Allah a bagade da kuma ɗakin binciken kimiyya.

An haifi Julius Nieuwland a ƙauyen Hansbeke na ƙasar Beljiyam ranar 14 ga Fabrairu 1878. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa South Bend a Amurka. Ya yi karatu a Jami'ar Notre Dame, ya shiga ƙungiyar Gicciye Mai Tsarki, aka naɗa shi firist a 1903. A 1904 ya sami digirin dakta a Jami'ar Katolika ta Washington.

Bincikensa ya tsaya a kan asetilin, iskar nan da masu walda suke samu idan sun zuba wa kabaid ruwa. Wata rana ya haɗa ta da wani sinadarin asenik, sai tururin ya kwantar da shi asibiti. Da ya gane guba ce mai kisa, ya janye hannunsa daga wannan aiki. A 1918 wasu suka tono abin daga rubutunsa, suka mai da shi makamin guba mai suna luwisait, amma yaƙin duniya na farko ya ƙare kafin a yi amfani da shi.

Shi kuwa ya ci gaba da koyarwa a Notre Dame, yana neman hanyar da ƙwayoyin asetilin za su sarƙu da juna kamar 'ya'yan rosari. A 1925 kamfanin DuPont ya ji labarin aikinsa, masanansa suka ɗora a kai, har a 1931 aka bayyana sabuwar roba wadda mai da zafin rana ba sa saurin cinye ta. Ita ce niyofirin, wadda ake yin tiyo da bel ɗin inji da ita, irin kayan da manoman rani na Wurno, Rabah da Goronyo suka sani sarai. Da yake ya yi wa'adin talauci, ribar ba ta shiga aljihunsa ba.

Ya rasu a Washington ranar 11 ga Yuni 1936.

Daga iska guda guba ta fito, roba ma ta fito. Ya kamata 'ya'yanmu masu karatun kimiyya su lura da wanda wannan bawan Allah ya bari da wanda ya riƙe. Ubangiji ya ba shi hutawa ta har abada. Amin.