Tarihin Vesalius, Ɗalibin Da Ya Nemi Ilmi A Maƙabarta

An haifi Andreas Vesalius ran 31 ga Disamba, 1514, a birnin Burasal wanda ke cikin ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam. Likitanci gadonsa ne, domin kakansa likitan sarki ne, ubansa kuma shi ke haɗa wa Sarki Charles na Biyar magunguna. Bayan ya koyi Latinanci da Girkanci a jami'ar Louvain, sai ya tashi zuwa Faris ta ƙasar Faransa cikin 1533 don ya karanta likitanci, yana ɗan shekara 18.

Abin da ya tarar a can bai gamsar da shi ba. A wancan zamani ilmin ƙirar jikin ɗan Adam duk ya rataya ne a kan littattafan Galen, wanda malaman Larabawa ke kira Jalinusu, mutumin da ya mutu shekara wajen 1,300 kafin nan. Ranar da za a feɗe gawa, kuma ba a cika yi ba sai jifa-jifa cikin hunturu saboda wari, shaihun malami yakan hau kujera mai tsawo yana karanta littafi da Latinanci, can ƙasa kuwa wanzami ne ke riƙe da wuƙa. Wanzamin ba ya jin Latinanci, malamin ba ya taɓa gawa, ɗalibai kuma suna tsaye suna leƙe daga nesa. In abin da ke cikin gawar ya saɓa wa littafi, to gawar ce ke da laifi. Ɗaya daga cikin malamansa, Jacobus Sylvius, yawanci da karnuka yake koyarwa. Ɗayan kuwa, Johann Winter, Vesalius ya yi masa shaguɓe daga baya cewa bai taɓa ganinsa da wuƙa a hannu ba sai wurin cin abinci.

Da yake ba a samun ƙasusuwa a makaranta, sai ɗalibin ya shiga neman su da kansa. Akwai wata tsohuwar maƙabarta a tsakiyar Faris da ake kira Innocents, inda ake tono tsofaffin ƙasusuwa a jibge su a rumfuna don a sami wurin bizne sababbin mamata. Nan shi da abokansa suke wuni suna juya ƙashi ɗaya bayan ɗaya, har suka kai ga yin caca da sauran ɗalibai cewa a rufe musu ido, a miƙo kowane ƙashi, su faɗi sunansa da shafar hannu kawai. Wani lokaci kuma sukan fita bayan gari zuwa Montfaucon, wurin da hukuma ke rataye masu laifi ta bar gawawwakin suna lilo. Ran nan karnukan da ke kiwo a wurin suka taso masa shi da abokin tafiyarsa, da ƙyar suka sha. Wannan naci bai ɓuya ba, domin a karo na uku da ya halarci feɗe gawa, malamai da ɗalibai suka roƙe shi ya karɓi wuƙar daga hannun wanzami.

Cikin 1536 yaƙi ya ɓarke tsakanin Sarkin Faransa da Sarki Charles. Da yake Vesalius talakan Charles ne, ga ubansa kuma bafadensa, zama a Faris ya gagara, tilas ya koma Louvain ba tare da takardar shaida ba. A nan ne ya yi abin da ya fi na Faris ganganci. Wata rana yana yawo bayan gari tare da abokinsa Gemma Frisius, masanin lissafi, sai suka ga busasshiyar gawar wani da aka kashe bisa hukunci, tsuntsaye sun cinye naman, jijiyoyi kaɗai ke riƙe da ƙasusuwan. Abokin ya taimake shi ya hau gungumen, ya ciro ƙafafu da hannuwa. Sauran gangar jikin kuwa an ɗaure ta da sarƙa, saboda haka ya bari aka rufe ƙofofin gari yana waje, ya koma shi kaɗai cikin dare ya kwance ta, ya ɓoye, kashegari ya shigo da ita ta wata ƙofa dabam. Ya harhaɗa ƙwarangwal ɗin, ya riƙa gaya wa mutane wai daga Faris ya zo da shi, don da hukuma ta san gaskiya da ya ɗanɗana kuɗarsa. Babu mai cewa satar gawa abin yabo ne, amma tana nuna irin ƙuncin da mai neman wannan ilmi ke ciki a lokacin. A Louvain ɗin ne kuma ya wallafa littafinsa na farko cikin 1537, watau sharhi a kan wani sashe na littafin Abubakar al-Razi, shahararren likitan nan Musulmi.

Daga nan ya sake yin ƙaura, wannan karon zuwa Padua ta ƙasar Italiya, wadda ke ƙarƙashin mulkin Venice. Ran 5 ga Disamba, 1537, aka ba shi digirin likita, kashegari aka naɗa shi malamin fiɗa da ilmin ƙirar jiki, bai ko cika shekara 23 ba. Nan take ya sauko daga kujerar, ya kama wuƙa da hannunsa, ɗalibai na kewaye da shi. Wani alƙalin birnin, Marcantonio Contarini, ya riƙa ba shi gawawwakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa.

Duk da haka bai rabu da Jalinusu dare ɗaya ba. A cikin zane-zane 6 da ya buga wa ɗalibansa cikin 1538, ya zana hanta mai rassa 5 da wata ragar jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, ba don ya gan su a jikin mutum ba, sai don littafi ya ce akwai su. Sai da gawawwaki suka yawaita a hannunsa sa'an nan ya gane bakin zaren: Jalinusu birai da tumaki da aladu ya feɗe, ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan Adam. Ragar nan tana jikin tunkiya, ba ta jikin mutum. Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba 2 ba. Ƙashin ƙirji gaɓa 3 ne, ba 7 ba.

Waɗannan da ire-irensu ya tara a babban littafinsa, De Humani Corporis Fabrica, watau bayanin ginin jikin ɗan Adam, mai kashi 7 da shafi fiye da 600. An sassaƙa zane-zanen a kan katako a Venice, aka ketare duwatsun Alps da su zuwa Basel, inda Johannes Oporinus ya buga littafin cikin 1543. Marubucin yana da shekara 28. Yana Basel ɗin ya feɗe gawar wani da aka kashe bisa hukunci, ya haɗa ƙwarangwal ɗin ya ba jami'ar garin kyauta, har yanzu yana nan ajiye.

Littafin ya jawo masa suna, ya kuma jawo masa gaba. Wanda ya fi tsananta masa shi ne tsohon malaminsa Sylvius, wanda ya kira shi mahaukaci a rubuce, ya kuma kafe a kan cewa Jalinusu bai yi kuskure ba, jikin mutane ne ya sāke tun daga zamaninsa. Vesalius ya ƙone takardunsa da yawa cikin fushi, abin da ya yi nadamarsa daga baya, ya bar koyarwa ya zama likitan Sarki Charles. Ya yi aure cikin 1544, ya sami 'ya ɗaya. Cikin 1555 ya sake buga littafin da gyare-gyare, inda ya bayyana shakkarsa cewa akwai ƙananan ramuka a bangon da ya raba zuciya biyu, batun da Ibn al-Nafis na Masar ya riga ya ƙaryata tun ƙarni na 13.

Bayan Charles ya yi murabus, Vesalius ya bi ɗansa Philip na Biyu zuwa Sifen cikin 1559. Ya sami daraja da dukiya a fada, amma mutumin da ya saba da tulin ƙasusuwan Faris ya koka cewa a can ko ƙoƙon kai ɗaya yana wuyar samu. Cikin 1564 ya tafi ziyara Birnin Ƙudus. An daɗe ana baza labarin wai ya feɗe wani ne da sauran ransa aka tilasta masa wannan tafiya don kaffara, amma masana tarihi ba su yarda da wannan ba. A kan hanyar dawowa jirgin ruwansu ya sha wahalar teku, aka sauke shi ba shi da lafiya a tsibirin Zante na ƙasar Girka. A can ya mutu cikin watan Oktoba, 1564, yana da shekara 49, aka bizne shi a tsibirin.