Muhammadu Bello: Sarkin da agogon zinariya ya iske a bakin dagar Gobir

A manyan kasuwanninmu da ofisoshin gwamnati, agogon hannu ya daɗe da zama ma'aunin mutum. Kafin baƙo ya gama sallama, idon masu masauki ya riga ya sauka a tsintsiyar hannunsa, ana duba ko Rolex ne, ko Omega, ko Patek Philippe. Akwai attajiran da ke tara irin waɗannan agogo masu aiki da ƙarfin waya, ba da batir ba, kamar yadda magabata ke tara dawaki. Sai dai a tarihin ƙasar nan akwai agogon zinariya da ya girmi kamfanonin nan uku, domin an kafa Patek a 1839, Omega a 1848, kamfanin da ya haifi Rolex kuwa a 1905. Agogon da ake magana ya shigo hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne tun a 1826, kwanaki kaɗan bayan ya komo daga yaƙi a ƙasar Gobir. Yadda ya karɓe shi, da abin da ya fifita a kansa, sun isa su nuna wane irin mutum ne.

Tashinsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya girma a Degel, a cikin gidan da littafi ya fi kowace kadara daraja. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi, ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi, ya kuma tsunduma cikin ilimin magani da lissafi da taurari.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa malamin fiƙihu da taurari. Amsar tana cikin salla. A zamanin da babu agogo a ƙasar Hausa, sanin lokaci ilimi ne da ake zama a koya. Da rana ana auna inuwa da tafin ƙafa a gane zawali da shigar la'asar. Da dare ana duba Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta. Malamai na lissafa masaukan wata ashirin da takwas, manoma su dogara da wannan lissafi wajen sanin faɗuwar damina da lokacin shuka. Jama'a kuma sun raba wuni da sunaye: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. A cikin wannan duniya Bello ya tashi, ya san lokaci tun bai taɓa ganin na'urar auna shi ba.

Shekarun yaƙi

Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai saɓani tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya kai maƙura. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto. Nasarar farko ba ta hana baƙin ciki biyo baya ba. A ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, jama'ar Shehu ta yi asarar malamai da mahaddata masu yawa. A 1805 kuma aka sake shan kashi a Alwasa. Sai a watan Oktoban 1808 rundunar da Bello ke jagoranta ta ci Alƙalawa, Yunfa ya rasu a wannan yaƙi. Kufan birnin na nan har yau a ƙasar Sabon Birni.

A 1809 Bello ya soma gina Sakkwato. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe masu tarihi ke komawa gare shi, wanda ya ƙunshi har da wasiƙun muhawara tsakaninsa da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai gaji kwanciyar hankali ba. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Kabawa da Zamfarawa suka motsa, Gobirawa kuwa ba su taɓa yarda cewa faɗuwar Alƙalawa ita ce ƙarshen zance ba. A wurinsu ƙasar kakanninsu ce aka karɓe, kuma sun yi shekaru suna canza mazauni suna komowa da yaƙi.

Baƙon farko da madubin rana

A ranar 16 ga Maris 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ta hanyar Tarabulus da Borno da Kano. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ya sauke shi. Kashegari ya kai gaisuwa da tsaraba: bindigogi masu adon azurfa, alkyabba ja, siliki, kanumfari, madubai, tabaron hangen nesa, da ƙaramar na'urar nuna gabas da yamma. Bello ya ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Kamar yadda baƙon ya rubuta a littafin tafiyarsa, tabaron da na'urar ne suka fi jan hankalin Sarkin, musamman da ya ji cewa da ita mutum zai gane alƙibla a ko'ina ya samu kansa.

Bayan 'yan kwanaki ya sa aka kawo masa sauran kayan awo. Da aka shimfiɗa taswirar sama, sai ya riƙa kiran buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Ya kuma nemi a nuna masa yadda ake auna tsayin rana da na'urar da mutanen Sakkwato suka raɗa wa suna madubin rana. A nan aka yi wani ɗan abu da ke nuna halin da masu mulki ke ciki a lokacin. Mabuɗin wani akwati ya ɓace, Clapperton ya nemi a miƙo masa wuƙa babba ya ɓalle murfin, nan take Sarkin ya kai hannu ga takobinsa. Mutumin da ya shafe shekara ashirin a fagen fama ba ya sakin jiki da baƙo mai neman wuƙa a gabansa. Da aka buɗe akwatin, ya ga abin da ke ciki, zancen ilimi ya ci gaba.

Aikin waɗannan na'urori yana da alaƙa ta kai tsaye da agogo. Matafiyi yana ɗauke da agogo mai riƙe da lokacin ƙasarsu. Idan ya auna tsakiyar rana a inda yake, sai ya kwatanta da abin da agogon ya nuna. Kowane bambancin minti huɗu daidai yake da digiri ɗaya na nisa gabas ko yamma. Da haka Turawa suka riƙa sanya biranen Afirka a taswira. Agogo a hannunsu kayan aiki ne na sanin ƙasa, kuma sanin ƙasa shi ne matakin farko na abin da ya faru a 1903.

Kafin baƙon ya tafi a farkon watan Mayu, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, da taswirar ƙasarsa. Ya nemi a aiko masa da likita da wakili mazauni da makamai, ya kuma nuna amincewa da hana kai bayi gaɓar teku. Sai dai bauta a cikin gida ta ci gaba a zamaninsa, kuma gonakin daular sun dogara da ita ƙwarai.

Agogon ya iso

Clapperton ya komo a 1826, wannan karon ta Badagry da ƙasar Yarabawa da Nupe. A tsakiyar watan Oktoba ya iske Bello da runduna a kusa da Konya, inda Gobirawa suka kafa birninsu a ƙarƙashin Sarki Ali ɗan Yakubu. Ya ga harin da idonsa. An wuni ana kai farmaki ga ganuwa, Gobirawa suka tsaya ƙyam, wani ɗan bindigarsu guda ya hana mahaya kusantar ƙofa. Wata tsohuwa Bazamfara ta yi ta kewaya a kan doki da gorunan ruwa tana shayar da masu rauni. Birnin bai ciwu ba, runduna ta janye.

A Magariya, sansanin Bello na kusa da Sakkwato, aka gabatar da tsarabar Sarkin Ingila. A ciki akwai laima ta jan siliki, da takubba, da bindigogi, da takarda, da magunguna, da agogo biyu ƙirar Ingila: ɗaya na ajiya a ɗaki, ɗaya na zinariya. Na aljihu ne, domin a lokacin maza ba su fara ɗaura agogo a hannu ba. Ɗaya daga cikin na farko da aka sani an yi domin hannu shi ne wanda Breguet ya kammala wa Sarauniyar Naples a 1812, maza kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Farko suka rungumi al'adar. Kalmar agogo ma daga Yarabanci Hausa ta aro ta, inda asalinta ke nufin ƙararrawa.

Irin wannan agogo yana da wuyar sha'ani. A cikinsa akwai siririyar wayar ƙarfe da ake nannaɗewa idan an wana shi da ɗan mabuɗi. Tana warwarewa a hankali tana juya ƙananan ƙafafu masu haƙora, wata ƙafa mai lilo kuma tana kai da komo tana raba ƙarfin daidai wa daida. Idan an manta ba a wana ba, ya tsaya. Idan ƙurar hunturu ta shiga, ko mansa ya bushe, ya soma ƙarya. Babu kuma inda za a saita shi sai da rana. Shi ya sa Bello bai tsaya ga sha'awar ƙyallinsa ba, ya sa aka kira baƙon ya koyar da yadda ake wana agogon a gidansa.

Abin da ya fi burge Sarkin a cikin tsarabar yana wani gefe. An haɗo da littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina da littafin lissafi na Iƙlidis. Wata safiya Clapperton ya shiga ya iske shi zaune a cikin gida da littafin Iƙlidis buɗe a gabansa. Ya shaida wa baƙon cewa gidansu na da kwafi da wani ɗan'uwa ya samo a Makka, amma gobara ta cinye shi a shekarar da ta gabata, don haka yana matuƙar godiya da wannan kyauta. Ga zinariya ga siliki, amma littafin da ya maye gurbin wanda ya ƙone shi ne ya samu wannan yabo.

Zumuncin bai ƙare da daɗi ba. Yaƙi ya ɓarke da Borno, Alkanemi ya doshi Kano, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a farkon 1827. Bello ya hana Clapperton wucewa Kukawa, ya ƙwace makaman da aka aiko wa abokin gabarsa. Baƙon ya ɗauki abin a matsayin cin amana, Sarkin kuwa yana ganin babu mai hankalin da zai bar makami ya bi ta gidansa zuwa hannun mai yaƙarsa. Clapperton ya kwanta ciwo, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a bayan gari.

Ribaɗi da ƙarshen rayuwa

Darasin Konya ya zauna wa Bello. Ya fahimci cewa rundunar da ke taruwa da rani ta watse da damina ba za ta tsare iyaka ba. Sai ya duƙufa ga kafa garuruwan ribaɗi, masu ganuwa da masallaci da makaranta da gonaki, ya zaunar da makiyaya a cikinsu, ya ɗora 'ya'yansa a kan wasu. Shi kansa ya koma Wurno, ya bar jin daɗin Sakkwato. A kan wannan tsari Isa ta bunƙasa a matsayin garin tsaron iyaka, har yau kuma mai sarautarta Sarkin Gobir ake kiransa.

A 1836, a Gawakuke, ya haɗu da taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk sun rasu a wannan rana. Duk da haka Gobir ba ta mutu ba. Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Jikokin waɗanda suka yi wa juna ruwan kibau a jiya su ne ke cin kasuwa ɗaya a yau, kuma tare suke ɗanɗana azabar 'yan bindigar da suka addabi yankin. Tambayar da Bello ya yi fama da ita, ta yadda za a tsare manomin bakin iyaka ya kwana a gidansa, tana nan tana jiran amsa.

Duk da yawan yaƙe-yaƙe bai ajiye alƙalami ba. Ya yi rubutu kan ciwon ido da basir, ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya kuma yi littafi kan hukunce-hukuncen sana'a da neman halal, inda ya kwaɗaitar da mutane su ci guminsu. Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a Sakkwato a zamaninsa ya kuma rubuta tarihinta, ya shaide shi da cewa daga abin da ya nema da hannunsa yake ci, ba daga baitulmali ba.

A nan ne labarin ya shafi mai shago da mai ofis. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, kuma agogon da aka ƙera da hannu, mai ɗaruruwan sassa, ya cancanci a yaba wa maƙerinsa. A 2014 an sayar da wani agogon aljihu na Patek Philippe a kan kimanin dala miliyan 24 a Geneva. Amma rayuwar Bello ta bar wa mai sha'awar tarawa tambayoyi uku: daga ina kuɗin ya fito, ko ya san yadda abin ke aiki da yadda ake kula da shi, da kuma ko lokacin da agogon ke nunawa yana kai shi salla da wurin aiki da cika alkawari a kan kari.

Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, bayan shekara ashirin a kan mulki, kuma a can kabarinsa yake. Ƙaninsa Abubakar Atiku ne ya gaje shi. Littattafansa na nan ana karantawa a zaurukan malamai da jami'o'i. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan dukkan magabatan Gobir da Sakkwato, Ya kuma dawo da zaman lafiya a ƙasar da suka bari.