Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin da Bai Ji Kunyar Rubutu a Kan Basir Ba

'Yan'uwana mata, a wannan fitowa filin namu na tarihin magabata zai tsaya ne a gida. Duk wadda ta tashi a Dingyaɗi ko wani gari na ƙasar Boɗinga ta san Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ta kuma san cewa Boɗinga mazaunin ƙanensa ne Malam Abdullahi. To yau ɗan Shehu za mu duba, wato Muhammadu Bello, Allah Ya ƙara masa yarda. An fi saninsa da yaƙi da mulki da tarihi. Abin da ba a cika gaya wa yaranmu a Islamiyya ba shi ne, malami ne na ilmin jikin ɗan Adam da magani.

An haife shi a 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Abdullahi, kuma yana ɗan shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, sannan a 1812 ya kammala littafinsa na tarihi Infaƙul Maisuri. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a. An ɗan samu sanyin zumunci tsakaninsa da baffansa a lokacin, amma Allah Ya daidaita su a Kalambaina, sa'ad da Bello ya kawo masa ɗauki. Shekara 20 ya yi a kan mulki, kusan babu shekarar da ba a fita yaƙi ba.

Ki tsaya ki yi tunani a nan, 'yar'uwa. Mutumin da ke fama da tawaye, da wasiƙun sarakuna, da shari'u, da gina ribaɗi, a cikin wannan hidima ya samu lokacin da ya zauna ya rubuta littattafan likitanci da Larabci. Akwai masu magana a kan magani gaba ɗaya, kamar Ujalatur Rakib. Akwai kuma waɗanda ya keɓe wa gaɓa ɗaya ko cuta ɗaya: ɗaya a kan cututtukan ido, ɗaya a kan ciwon ƙoda, ɗaya a kan filasko, ɗaya kuma, mai suna Alƙaulul Mansur, a kan basir.

E, basir. Sarkin Musulmi guda, ɗan Shehu, ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan cutar da mu yau sai mu rufe baki da gefen mayafi kafin mu faɗe ta. Shin mene ne ma basir ɗin? A ƙarshen hanji, wajen dubura, Allah Ya sanya jijiyoyin jini masu taushi da ke taimakawa wajen riƙe bayan gida. Idan aka yawaita yunƙuri saboda bayan gida ya yi tauri, ko mutum ya daɗe a tsugune, sai su kumbura, wani lokaci su yi jini ko su leƙo waje. Shi ya sa ya fi kama mu mata a lokacin goyon ciki: mahaifa tana girma tana danne jijiyoyin ƙugu, hanji kuma yana rage saurin aikinsa, ga yunƙurin naƙuda daga baya. Ruwa isasshe da ganye irin su zogale da rama, da wake da hatsin da ba a surfe shi tas ba, suna tausasa bayan gida. A kasuwanninmu kuwa, masu lasifika sun mai da kusan kowace cuta basir, ciwon baya basir, kasala basir, rashin haihuwa ma basir. Wallahi wannan ya cutar da mata da yawa, domin jini a bayan gida yana iya zama alamar wani abu dabam, har da ciwon daji na hanji, kuma sai an duba ake bambancewa.

Filasko da Bello ya yi wa littafi shi ne ganyen da Larabawa ke kira sana. Ya zo a cikin Tirmizi da Ibnu Majah cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi Asma'u 'yar Umais abin da take sha don wanke ciki, kuma a zancen nasu aka yabi wannan ganye. Kin ga mace ce aka yi wannan magana da ita, ba a ce ta tashi don kunya ba. Yadda yake aiki shi ne, yana zaburar da babban hanji ya riƙa matsawa da ƙarfi, ya kuma rage tsotse ruwan da ke cikinsa. Har yau ana yin ƙwayar magani da shi. Sai dai in aka mai da shi na kullum yana zuƙe ruwan jiki da gishirinsa, don haka mai ciki da ƙaramin yaro ba a ɗura musu shi da ka.

Ƙoda kuma, biyu ce, kowace kamar ƙwayar wake a siffa, girmanta kusan dunƙulen hannunki, suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari. A cikin kowace akwai 'yan mitsi-mitsin matatai kimanin miliyan 1. A yini guda suna tace ruwan jini kusan lita 180, su mai da mafi yawansa cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai wuce lita 1 zuwa 2 ba. Subhanallah! Ba ta hutawa ko kina barci. Manyan abubuwan da ke lalata ta su ne hawan jini da ciwon suga, sai yawan shan maganin kashe zogi barkatai. Matsalarta ita ce ba ta kuka da wuri. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska an yi nisa, wani lokaci sai dai wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Awon jini da na fitsari kuwa ba su da wuya.

Gaskiya ce, Bello bai san adadin matatan nan ba, don a zamaninsa babu mai wannan sani a ƙasar nan. Likitancin da ya gada na littattafan Larabawa ne, wanda ke auna jiki da zafi da sanyi da danshi da bushewa, haɗe da abin da ya zo a hadisi. Saboda haka ni ban ga daidai ba ne a ɗauko sunansa a ce ai maganin magabata ya ishe mu, ba sai an je asibiti ba. Tarihinsa da kansa ya ƙaryata wannan. A 1824 wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato. Bello ya karɓe shi, ya yi ta yi masa tambayoyi, kuma cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da likita da zai zo ya zauna a ƙasarsa. An kuwa turo likita, Dakta Dickson, sai dai bai iso ba, ya salwanta a hanya. Da Clapperton ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya miƙa wa Bello akwai littafin lissafi na Iƙlidis da littafin Ibnu Sina, dukkansu da Larabci. Sarkin da ya nemi likitan Nasara tun shekara 200 da suka wuce, ina jin da ya ga gilashin ƙaro gani da aikin cire yanar ido na yau, da ya zauna ya tambaya har sai ya gane.

Ba shi kaɗai ba ne a gidan. Baffansa Abdullahi na Boɗinga yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ita ce abokiyar shawararsa a harkar ilmin mata. Bello ya tattara tarihin mata salihai a wani littafi, ita kuma ta mai da shi waƙa don matan ƙauye su haddace, kuma daga irin wannan aiki ne tsarin 'Yan Taru ya ginu, inda jajis ke kai karatu har cikin gidaje.

A ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a ribaɗinsa na Wurno. Ya fita yaƙin Gawakuke a 1836, ya dawo da nasara, sannan rashin lafiya ta kama shi. Ya rasu a watan Oktoba na 1837 yana da shekara 56, aka binne shi a Wurno, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, kuma bayan shekara 2, a 1839, ta rubuta nata littafin, Tabshirul Ikhwan, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya, amin.